Lambun buhu a tsakar gida: Abin da bazara za ta bari ya yi, da abin da za a kiyaye

A wannan mako za mu bar kantin magani mu shiga tsakar gida, domin maganar tamu ta lambu ce.

Duk mai yin cefane a Bauchi ya san yadda kasuwa ke juyawa daga watan Maris zuwa Mayu. Latas da kabeji da karas da tumatir da suka cika kasuwar Muda Lawal da ta Wunti lokacin hunturu sai su fara ja da baya. Fadamu sun fara bushewa, ruwan rijiya ya yi ƙasa, damina kuma ba ta kankama ba. Ƙullin alayyahun da a da yake isar miyar gida guda sai ya koma ɗan tsiriri, ga shi ya yi yaushi tun kafin a iso gida da shi. A wannan lokaci gidaje da yawa kan koma wa kuka da busasshiyar kuɓewa har sai ruwa ya sauka. Kuka abinci ce mai kyau, babu mai musun haka. Amma a yi wata biyu ko uku ɗanyen ganye bai shiga tukunya ba, jikin yara da na masu ciki da masu shayarwa ne ke ji.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itatuwa a kullum. A nan gida kuwa, binciken lafiyar al'umma da aka yi a faɗin Najeriya a 2018 ya nuna kashi 68 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar suna da ƙarancin jini, mata masu shekara 15 zuwa 49 kuma kashi 58. Mu da ke tsaye a kantin magani muna ganin waɗannan alƙaluma da idonmu. Da wuya rana ta faɗi ba a zo neman "maganin ƙarin jini" ba, kuma sau da yawa kuɗin kwalba ɗaya ya isa ya sayi iri da taki na lambun da zai ciyar da gidan wata da watanni.

Kada a fahimce ni a baibai. Ganye ba ya maye gurbin magani. Mai ciki dole ta ci gaba da shan ƙwayoyin ayon da folik asid da ake ba ta a wurin awo, ko da zogale ya cika mata gida. Ƙarancin jini kuma ba daga abinci kaɗai yake zuwa ba: zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki da sikila duk suna kawo shi, kuma gwaji ne kawai zai bambance. Abin da lambu ke yi shi ne ya toshe gibin da ke tsakanin abin da jiki ke buƙata kullum da abin da aljihu ke iya sayowa.

Ina filin yake?

Wannan ita ce tambayar farko da mutanen unguwa irin Gwallaga za su yi. Unguwa ce ta cikin gari, wadda baƙo ma ya san ta da masallacin Juma'arta. Gidaje da dama a haɗe suke bango da bango, an shafe tsakar gida da siminti, wasu na haya ne, wasu kuma ga akuya ga kaji suna yawo. Ruwan famfo da ke zuwa daga madatsar Gubi ba kullum yake isa kowane lungu ba, da yawa sai sun haɗa da rijiya ko 'yan garuwa. Wanda ke sayen ruwa da jarka, in ka ce masa ya yi lambu a watan Afrilu, zai ɗauka ba'a kake yi masa.

To amma lambun da nake nufi bai wuce buhu huɗu ko biyar da aka jera a gindin bango ba. Tsohon buhun shinkafa ko na masara, tsohon baho da ya tsage, bokitin da hannunsa ya cire, duk sun yi. A huda ƙasansu wuri biyar ko shida domin ruwa ya riƙa tsiyayewa, a ɗora su kan bulo don kada su ɓata siminti ko su jiƙa bangon maƙwabci. Mai haya in zai tashi, ya ɗauki lambunsa ya sa a mota tare da kayan ɗaki.

Akwai mazuban da ba a shuka abinci a cikinsu ko da an wanke su sau goma: galan ɗin da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari ko na ciyawa, da na baƙin mai, da na batir. Haka nan ƙasar bola. Mutane na son ta domin baƙa ce kuma shuka na yin kyau a kanta, amma bolar birni ba irin jujin ƙauye ba ce. A cikinta akwai fasassun batura da tokar robobi, kuma ganye na iya ɗaukar dalma daga irin wannan ƙasa. Dalma kuwa ƙwaƙwalwar yaro take taɓawa, a hankali, ba tare da wata alama ta fili ba.

Haɗin da ya fi sauƙi shi ne ƙasa mai kyau kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, yashi kashi ɗaya. Na ce ruɓaɓɓe da gangan. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa, balle a wannan zafi, kuma yana ɗauke da ƙwayoyin cutar da ke kawo gudawa. A tara shi gefe, a riƙa yayyafa masa ruwa ana juyawa har ya yi baƙi, warinsa ya tafi. Mai aikin taki kuma ya tuna ƙwayar cutar tetanus a ƙasa da kashin dabbobi take zaune. In ƙusa ko guntun kwano ya yanke ka, ka wanke da sabulu ka je a duba ko kana buƙatar allurar rigakafi.

A shuka abin da ke son zafi

A nan ne yawancin masu farawa ke karaya. Mutum zai ga tumatir ya yi tsada, sai ya ce bari ya shuka nasa. Zai tsiro, ya yi ganye shar, ya yi fure, sai furen ya yi ta zubewa babu ɗa ko ɗaya. Ba maita ba ce, ba kuma bakin mutane ba. Tumatir ba ya ɗaure 'ya'ya da kyau idan zafin rana ya haura digiri 35, a Bauchi kuwa watan Maris da Afrilu sukan wuce haka. Latas da kabeji da karas su ma 'yan hunturu ne. A bar su sai Nuwamba.

Masu son bazara su ne namu na gado. Alayyahu shi ne kan gaba, domin cikin mako uku zuwa huɗu an fara tsinka. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, don haka a gauraya shi da yashi kafin a barbaɗa, in ba haka ba zai fito a cunkushe. Kada a tumɓuke shi. A riƙa yanke kan, a bar gindin da ganye uku ko huɗu, zai sake tofo sau da dama. Rama da yakuwa da lalo su ma ba sa tsoron rana. Kuɓewa a jiƙa irinta ya kwana a ruwa, a sa ƙwaya biyu a kowane rami, bayan kamar wata biyu ta fara ba da 'ya'ya. Dankalin Hausa, musamman mai jan ciki kamar karas, yana yi a buhu. Wannan launin nasa alamar sinadarin da jiki ke juyawa zuwa bitamin A ne, kuma ganyensa ma ana miya da shi.

Zogale kuwa, in da gida zai shuka abu ɗaya tak, shi zan zaɓa. Reshe mai kaurin hannun yaro za a yanko a kafa a ƙasa ko a babban baho, ya kama. Kuskuren da ake yi shi ne a bar shi ya yi tsawo har ganyen ya fi ƙarfin hannu. A riƙa datse kansa daidai ƙirjin mutum, sai ya yi rassa ya cika.

Wurin ajiye buhunan ma yana da muhimmanci. A nemi gefen da ranar safe ke samu, inuwa kuma ta rufe shi bayan azahar. Ranar la'asar da ke dukan bangon siminti tana iya dafa saiwa a cikin buhu.

Ruwa

Gidan da ake alwala sau biyar a rana yana zubar da ruwan da ya isa buhu biyar. A ajiye baho a wurin alwala, a tara. A haɗa da ruwan wanke shinkafa da na ɗauraye ganye. Wannan kaɗai ya wadatar da ƙaramin lambu, ba tare da an ƙara ko jarka ɗaya a lissafin 'yan garuwa ba. A yi ban-ruwa da asuba ko bayan la'asar, a zuba a gindi ba a kan ganye ba, sannan a rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa ko ƙaiƙayi domin laima ta daɗe. Mai babban baho zai iya binne ƙaramin tulun ƙasa a tsakiya har wuya, ya cika shi da ruwa ya rufe bakinsa. Tulun zai riƙa tsattsafo da ruwa a hankali daidai saiwa, ya yi kwana biyu ko uku kafin a ƙara.

Ruwan wanki mai omo ko bilic yana kashe shuka. Ruwan kwata kuwa ba shuka yake kashewa ba, mutane yake kwantarwa. Ba mu manta da 2021 ba, shekarar da jihar Bauchi ta kasance cikin waɗanda suka fi yawan masu kamuwa da kwalara a ƙasar nan. Ganyen da za a yi kwaɗo da shi ko a ci ɗanye bai kamata ya haɗu da ruwan lambatu ba ko sau ɗaya.

Duk ruwan da aka tara kuma a rufe shi, a yi amfani da shi a ranar ko washegari. Akwai wani sauro mai zanen fari a ƙafafu, wanda ke cizo da rana, wanda ba ya buƙatar kududdufi; tsohuwar taya ko gwangwani ko farantin da ke ƙarƙashin tukunyar fure sun ishe shi ya yi ƙwai. Shi ke yaɗa cutar shawara, wadda ta ɓulla a jihar nan a 2019 ta ɓangaren Yankari a ƙaramar hukumar Alƙaleri. Mai shuka a taya ya huda ta sosai, ya cika ta da ƙasa har baki.

Af, maganar sauro ta tuna mini: in ƙadangaru ko kaji sun dami tsiro, a kewaye shi da kara ko tsohon buhu. Gidan sauron da aka raba a asibiti na kan gadon yara ne. Ganin sa a lulluɓe da alayyahu alhali yara na kwance a fili abu ne da ke ƙona mini rai.

Maganin ƙwari: inda hatsarin yake

Wannan ɓangare shi ya sa na ga batun lambu ya dace da filin lafiya. Da zarar uwargida ta ga tsutsa ko ɗan ƙwaro a ganye, abin da ke kusa da hannu shi ne kwalbar Sniper ko fiya-fiya da ake fesa wa sauro da kyankyasai a ɗaki. Sinadarin da ke ciki, wanda ake rubuta DDVP a jikin kwalba, guba ce mai ƙarfi. Saboda yawansa a cikin wake ne Tarayyar Turai ta dakatar da sayen waken Najeriya a 2015, kuma a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da shaguna. Manomin da ya san aikinsa yana auna magani, yana rufe hanci da jiki, yana kuma jiran adadin kwanakin da aka rubuta kafin ya girba. A tsakar gida babu ɗaya daga cikin waɗannan. An fesa da safe, da yamma yarinya ta tsinko an yi miya, ƙanenta kuma ya yi rarrafe a wurin da maganin ya ɗiga.

A ra'ayina, lambun buhu biyar ba ya buƙatar maganin kanti ko kaɗan. Tsutsa a tsince ta da hannu da sassafe, a duba bayan ganye inda take ɓuya. Toka da aka tankaɗe, in an barbaɗa ta kan ganye mai raɓa, tana korar ƙananan ƙwari. In abin ya yi yawa, ga dogonyaro nan a kowane layi na Bauchi. A daka busassun 'ya'yansa kamar giram 50, wato cikin tafin hannu guda, a jiƙa a lita ɗaya ta ruwa ya kwana, a tace, a sa ɗan ƙanƙanin sabulu don ya kama ganye, a fesa da yamma. Shi ma a ajiye shi nesa da yara, domin man dogonyaro yana illata ƙaramin yaro in ya sha, kuma a wanke ganyen sosai kafin a dafa.

Idan tsautsayi ya sa yaro ya sha maganin ƙwari ko ya zube masa a jiki, alamun su ne dalalar miyau, zufa, amai, gudawa, ƙwayar ido ta tsuke, numfashi ya riƙa ƙara. Kada a ba shi manja, kada a ba shi madara, kada a sa masa yatsa don ya yi amai. Abin na iya bi ta huhu ya ƙara muni. A cire masa tufafin, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu, a ɗauki kwalbar a nufi asibiti nan take, ko Asibitin Koyarwa na ATBU ko Asibitin Ƙwararru ko duk wanda ya fi kusa. Akwai allurar da ke karya wannan guba, sunanta atirofin, kuma tana aiki sosai in an zo da wuri.

Furanni

Gida na son ƙawa, kuma fure ba almubazzaranci ba ne. Yana jawo ƙudan zuma da ke taimaka wa kuɓewa ta yi 'ya'ya. Amma wasu furannin da suka fi jure zafinmu su ne waɗanda muka karanta a darasin guba a jami'a.

Akwai wani ɗan fure mai kunnuwa biyar, fari ko ruwan hoda, mai ganye mai sheƙi, da ake gani a ƙofar gidaje da makarantu da asibitoci. Asalinsa daga tsibirin Madagaska ne. A shekarun 1950 masu bincike a Kanada da Amurka suna gwada shi don neman maganin ciwon suga, sai suka ci karo da wani abu daban. Daga jikinsa aka fitar da binkiristin da binbilastin, magungunan da har yau ake yi wa yara masu sankarar jini da su. Sai dai abin da ke kashe ƙwayar sankara ba abin dafawa a sha ba ne. A shuka shi don kallo, a bar shi a nan.

Wanda ya fi shi hatsari shi ne oliyanda, mai siraran ganye dogaye, mai fure ja ko ruwan hoda, da ɗan'uwansa mai fure ruwan ɗorawa kamar ƙararrawa, wanda ke fitar da farin ruwa in an karya reshe. Dukansu suna ɗauke da sinadari mai taɓa bugun zuciya, kuma ƙwallo ɗaya ko biyu na mai ruwan ɗorawar na iya halaka yaro. Bini-da-zugu da ake shinge da shi, 'ya'yansa suna kama da gyaɗa a baki, yara na ci su kwana suna amai da gudawa. Zurma ma haka, ta ma fi. Zaƙami kuwa sunansa na biyu, haukata-yaro, ya isa bayani. Gidan da ke da mai rarrafe ko ɗan shekara uku mai kai komai baki, gara ya haƙura da waɗannan.

Akwai madadinsu. Marigol, mai fure ruwan lemo da ƙamshi mai ɗan hawa kai, yana jure rana kuma yana zama lafiya kusa da kayan miya. Ɗoɗɗoya da na'ana'a da ciyawar shayi ga ƙamshi ga amfani a kicin, sai dai na'ana'a na son inuwa da laima. Furen yakuwa da na kuɓewa ma, in mutum ya tsaya ya dube su da safe, ba su da abin rainawa.

Daga buhu zuwa tukunya, da masu shan magani

A wanke ganye kafin a yanka, ba bayan an yanka ba. A sa shi a ƙarshen girki, kada ya daɗe yana tafasa. Kanwa na sa miya ta yi kore ta yi yauƙi, amma tana lalata bitamin C da wasu na rukunin B, don haka a rage hannu. Ɗan mai ko ƙuli-ƙuli a cikin kwaɗo na taimaka wa jiki ya ɗauki bitamin A, matsin lemon tsami kuma na taimaka masa ya ɗauki ayon. Shayi akasin haka yake yi, don haka a ba da tazarar awa guda tsakaninsa da abinci. In ganye ya yi yawa za a shanya, a shanya a inuwa.

Mai shan warfarin, maganin da ke hana jini daskarewa, ba a hana shi ganye ba, amma kada ya tashi daga ci sau ɗaya a mako ya koma kullum ba tare da likitansa ya sani ba, domin bitamin K da ke cikin ganye na rage ƙarfin maganin. Mai ciwon ƙoda ya tambayi asibiti adadin da zai ci, wanda kuma ya taɓa yin tsakuwar ƙoda ya sassauta wa alayyahu. Zoɓo na ɗan saukar da hawan jini, amma ba dalilin ajiye ƙwaya ba ne. Mai shan duka biyun ya riƙa auna jininsa. Ganyen zogale a miya ko kwaɗo babu laifi ga mai ciki, saiwarsa da ɓawonsa ne za ta guje wa.

Mai kwaɗayin tumatir da tattasai da attaruhu kuma, lokacinsa na tafe. A ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu ya zuba irin a ƙaramin baho a inuwa, ya riƙa yayyafa ruwa safe da yamma. Bayan mako huɗu zuwa shida tsiron ya yi ganye biyar ko shida, lokacin ruwa ya zauna, zafi ya sauka. Sai ya dasa su da yamma, ɗaya a kowane buhu, ya kafa wa kowane tumatir sanda tun yana ƙarami kafin iskar farkon damina ta kwantar da shi.